Maginin Mashiko da Ya Ƙi Sa Sunansa

In ka miƙa wa masanin tangaran a Japan kwanon shayi, ba ya tsayawa kallon zanen da ke jikinsa. Zai durƙusa, ya sauke gwiwoyin hannunsa kusa da tabarma don ko kwanon ya suɓuce kada ya faɗo daga nesa, ya tallabe shi da hannu biyu, ya juya shi sannu a hankali, sa'an nan ya kifa shi ya duba gindi. Gindin nan ne wurin da ruwan sheƙi bai rufe ba. A nan yumɓu yake tsirara, ake ganin irin ƙasar da aka haƙo, da sawun wuƙar da magini ya rage laka da ita, da yadda wuta ta lashe ta. A nan kuma aka saba samun hatimin mai aikin, ɗan tambari da bai kai farce girma ba. To, in kwanon na Hamada Shoji ne, sai dai ka yi ta juyawa, ba abin da za ka gani. Ba da jimawa da dawowarsa daga Ingila ba ya daina buga hatimi a jikin aikinsa, ya kuma zauna a kan haka har ya bar duniya a 1978. Duk da haka, a ƙarnin da ya wuce ba a yi maginin tukwane a Japan da sunansa ya kai nasa nisa ba. Sunan kuwa ba ruwansa da hamadarmu ta rairayi, a harshensu gonar shinkafa ce ta bakin teku.

Ba za a gane abin da ya sa rashin hatimi ya zama abin magana ba sai an san matsayin kasko a ƙasar. Japanawa sun daɗe suna gini da yumɓu, don an tono tsingaro a arewacin ƙasar da masana suka ce ya kai shekara 16,000. Amma abin da ya ɗaga darajar kwano har ya zama dukiyar sarakuna shi ne shan shayi. A ƙarni na 16 shayi ya zama sha'ani mai ladubba, da ɗakinsa na musamman da kayansa, kuma babban malaminsa shi ne Sen no Rikyu. Manyan zamanin suna alfahari da tangaran ɗin Sin mai santsi, shi kuwa Rikyu sai ya juya wa wannan baya, ya sa wani mai yin fale-falen rufin ɗaki, Chojiro, ya riƙa gina masa kwanuka da hannu zalla, baƙaƙe da jajaye, marasa ado. Daga nan gidan Raku ya samo asali, kuma har yau zuriyar tana aiki a Kyoto, magaji na 16 ne ke riƙe da ita. Rikyu bai wanye lafiya da ubangidansa Toyotomi Hideyoshi ba, a 1591 ya umarce shi da ya kashe kansa. Ɗanɗanon da ya koyar dai ya zauna: kwano mai ɗan karkata, mai tabon wuta, mai kaushi a tafin hannu, ya fi wanda aka ƙera ba aibu.

Wannan ɗanɗano yana da nasa duhun. Daga 1592 zuwa 1598 Hideyoshi ya aika da runduna Koriya har sau biyu, kuma cikin ganimar da hakimansa suka kwaso har da magina, aka raba su garuruwa aka ce su yi aiki. Tangaran ɗin Hagi da na Satsuma da farin tangaran na Arita, waɗanda Japan take taƙama da su yau, hannun waɗannan kamammu ne ya kafa su. Kwanon shayin da masana da yawa suke ganin babu kamarsa a ƙasar ma daga Koriya ya zo. Ana kiransa Kizaemon, da sunan wani attajirin Osaka da ya taɓa mallakarsa. An yi ta camfa cewa duk wanda ya riƙe shi maruru suna fito masa, har dai iyalan wani hakimi suka kai shi wani haikali a Daitokuji ta Kyoto suka huta. Yana can, akwati cikin akwati, gwamnati ta sa shi cikin taskar ƙasa. Wanda ya gina shi kuwa ba wanda ya san sunansa.

Da sarauta ta juya a 1868, Japan ta buɗe ƙofa ta rungumi injuna, sai ginin tukwane ya rabu gida biyu. Masana'antu suna ta zubo faranti masu zanen zinariya ana lodawa a jirgi zuwa Turai da Amurka, matoyun ƙauye kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don kayan ƙarfe da na inji sun fi arha. Duk wanda ya ga yadda bokitin roba ya kori tulu a garuruwanmu ya san wannan labari.

A cikin wannan yanayi aka haifi Hamada, a Disambar 1894, a Mizonokuchi kusa da Tokyo. Ba ɗan gidan magina ba ne, kuma wannan abin lura ne, domin sana'ar a can gado ce. Makarantar koyon fasaha ta Tokyo ya shiga, ya karanci kimiyyar yumɓu, ɗaya daga cikin malamansa shi ne Itaya Hazan, gwanin da aikinsa yake da tsafta kamar ba hannu ya yi ba. Da ya gama a 1916 sai ya kama aiki a cibiyar binciken tangaran ta birnin Kyoto, inda ya tarar da Kawai Kanjiro, wanda ya girme shi da shekara huɗu, suka zama aminai har mutuwa. Aikinsu a can gwajin ruwan sheƙi ne, wato haɗin toka da garin dutse da ruwa da ake tsoma tukunya a ciki, wuta ta narkar da shi ya zama gilashi a jikinta. Sun yi gwaji wajen 10,000. Ina so mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin daga baya za a yi ta kwatanta Hamada da baƙauye mai aiki da ilhama, alhali mutumin ya san sinadarin kowace toka kamar yunwar cikinsa.

A Tokyo ya ga nunin wani Bature, Bernard Leach. An haifi Leach a Hong Kong a 1887, ya zo Japan a 1909 da niyyar koyar da zane, sai aka gayyace shi wata walima inda baƙi suke zana kwanuka a gasa musu nan take. Daga ranar ya kamu. Ya yi almajirci wurin wani tsohon magini, ya gina matoyarsa a Abiko, a filin gidan abokinsa Yanagi Soetsu, malamin falsafa. Hamada ya kai masa ziyara can, jininsu ya haɗu. Leach yana da ido da zane amma ba shi da kimiyya, Hamada kuwa yana da ita. Da wata mata mai hali ta ba Leach kuɗin kafa wurin gini a St Ives, garin masunta a ƙarshen yammacin Ingila, sai suka shiga jirgi tare a 1920.

Sun sha wuya. Yankin ba shi da itacen kirki, yumɓun ma sai da suka yi ta yawo suna nema. Sun gina tanderu irin na Japan mai ɗakuna jere a kan gangare, na farko irinsa a Turai, bai yi kyau ba, sai da wani ɗan ƙasarsu, Matsubayashi Tsurunosuke, ya zo ya sake gina shi. Amma shekara ukun nan su suka gyara wa Hamada ido. Ya ga tsoffin akusan yumɓu na manoman Ingila, masu zanen da ake yi da ruwan laka ana zubawa, ya yi ta tsintar tsingaronsu a gonaki yana nazari. Ya je ƙauyen Ditchling ya ga masaƙiya Ethel Mairet da masu sana'a irinta, mutanen da suka yi karatu amma suka bar birni suka zauna karkara, suna cin abinci a kwanon da suka san wanda ya gina. Ya yi nuni a Landan a 1923, kayansa suka sayu. A Satumbar shekarar girgizar ƙasa ta rusa Tokyo, ya haɗa kayansa, ya iso gida a 1924.

Da ya so, da ya zauna Kyoto ya yi suna cikin manya. Sai ya nufi Mashiko, wani ƙaramin gari a lardin Tochigi, kimanin kilomita 100 arewa da Tokyo. Mashiko ba ta da wani tarihi na a zo a gani. A 1853 wani mutum, Otsuka Keizaburo, ya fara gini a can, kuma abin da garin yake yi shi ne randunan ruwa da kwanukan niƙa da butocin shayi na talakawan Tokyo, kaya masu kauri da nauyi, don yumɓun wurin mai yashi ne, ba ya yin siriri. Wata butar Mashiko da Hamada ya gani a gidan malaminsa Itaya Hazan ce ta fara ja masa hankali. Irin waɗannan butoci wata mata ce take zana su, Minagawa Masu. Ba ta iya karatu ba, tun tana yarinya take zana tsauni da bishiya da ɗan gida a jikin buta, ɗaruruwa a wuni, hannunta yana tafiya ko da tana hira. Hamada ya ce wa duk mai saurarensa wannan tsohuwa ta fi masu zanen birni. Ya yi ta faɗa har a 1947 Sarki Hirohito ya zo Mashiko ya tsaya yana kallonta tana aiki.

Mutanen gari ba su saki jiki da shi ba da fari. Baƙo ne mai karatu, mai jin Turanci, ya zo yana yabon kayan da su kansu suke jin kunyarsu. Ɗaki ya kama haya, yana roƙon gurbi a tanderun wasu, da hunturu kuma ya tafi can kudu, Okinawa, ya yi aiki da maginan unguwar Tsuboya. Daga taga a can ya ga gonar rake, ya zana karan rake guda da ganyensa, kuma wannan zane ya bi shi har ƙarshen ransa, yana raguwa yana raguwa har ya zama jan alkalami biyar ko shida. Sai a 1930 ya sayi tsohon gidan manoma mai jinka, aka kwance shi aka kawo Mashiko aka sake ɗaurawa, daga baya ya gina tanderun kansa.

A tsakanin nan ne aka raɗa wa wannan ra'ayi na daraja kayan talakawa suna. Bayan girgizar ƙasa Yanagi ya koma Kyoto, ya zama ba ya fashin kasuwannin asuba na harabar haikalai, inda tsofaffin mata suke baza tarkace. Su matan suna kiran kayan getemono, wato kayan banza-banza. A ƙarshen 1925, suna cikin tafiya su uku, shi da Kawai da Hamada, suka ƙirƙiro kalmar mingei, sana'ar talakawa. Koyarwar Yanagi ita ce kyau na gaskiya yana wurin abin da aka yi don amfani, aka yi da yawa, aka sayar da arha, da kayan da ke ƙasar wurin, kuma wanda ya yi bai damu a san shi ba. A ganinsa maimaici ne yake kashe son kai, hannu ya yi ta yi har tunani ya fita daga tsakani. A 1931 aka buɗe masa akwatunan Kizaemon, ya gani, ya fito yana murna cewa ashe kwanon cin shinkafar talaka ne kawai. A 1936 suka buɗe gidan adana kayan sana'ar talakawa a Komaba ta Tokyo, da kuɗin attajiri Ohara Magosaburo.

Ina ganin girman Yanagi, amma ba na haɗiye maganarsa duka. Ya tsaya wa Koriyawa a lokacin da ƙasarsa take mulkinsu, ya rubuta yana adawa da rushe ƙofar fadar Seoul a 1922, ya buɗe gidan adana kayansu a birnin a 1924, kuma wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Sai dai ya siffanta fasaharsu da kyawun baƙin ciki, abin da masanan Koriya suka zo suka ƙi daga baya. Sa'an nan wa ya tambayi maginin Kizaemon ko yana son a manta da sunansa? Talaka bai zaɓi rashin suna ba, rashin gata ne ya jawo masa. Waɗanda suka mayar da abin falsafa kuwa 'yan boko ne na birni, kowannensu da sunansa a bangon littafi. Hamada, a nawa ganin, ya fi abokinsa sanin wannan tarko, domin shi da laka yake kwana. Bai taɓa cewa shi baƙauye ne ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗaure kansa da sharuɗɗan baƙauye, ya ga abin da zai fito.

Ga yadda sharuɗɗan suke. Yumɓu na Mashiko ne, duk da ya san inda ya fi shi kyau. Faifan da yake gini a kai na hannu ne, katako mai nauyi da ramuka a gefe, ya zura sanda ya wulwula shi, ya ajiye sandar ya ɗora hannu a kan laka, kafin juyin ya mutu kwano ya tashi. Yana zaune ne a harɗe, da tabarau masu zagaye da riga ta saƙar hannu. Ruwan sheƙinsa kaɗan ne, mai gwaji 10,000 ya dawo yana aiki da abin da bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Akwai fari mai kauri kamar kindirmo, daga tokar ɓuntun shinkafa. Akwai baƙi. Akwai ja mai duhu da ake niƙowa daga wani dutse mai taushi na Ashinuma, nan kusa da gari, wanda suke kira kaki, sunan wani ɗan itace da yake dangin kanyarmu, don launinsa ya yi kama da shi in ya nuna. Daga baya ya ƙara da na gishiri, dabarar Jamusawa, inda ake watsa gishiri cikin wuta tana tsakar ci, tururinsa ya kama jikin tukunya ya bar ta da ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo.

Abin da ya fi shahara da shi manyan faranti ne, masu faɗin fiye da rabin mita. Za a tsoma farantin a fari ko a ja, a ajiye shi ƙasa. Hamada ya ɗebi baƙin ruwan sheƙi a ludayi mai dogon hannu, ya tsaya kansa. Ba a cikin farantin yake fara zubawa ba, daga waje yake farawa, ruwan yana zuba a ƙasa, sa'an nan hannu ya ratsa, ya dawo, ya sake ratsawa, ya fita ta ɗaya gefen. Inda hannu ya yi sauri layin ya sirance, inda ya lanƙwasa ya yi kauri, ɗigo biyu ko uku su faɗi inda suka ga dama. Ba gyara, ba gogewa. Wani baƙo ya taɓa yi masa ƙorafi cewa aikin da bai wuce daƙiƙa 15 ba ya yi tsada haka, ya ce masa ya ƙirga da kyau, shekara 60 ne da daƙiƙa 15. Yau da gobe ai ita ta sa allura ginin rijiya.

Daga nan sai wuta, wadda ba ta jin maganar kowa. Babban tanderunsa ɗakuna takwas ne, suna hawa gangare ɗaya bisa ɗaya. Ana kunna wuta a bakin ƙasa, zafi ya bi ta ɗaki zuwa ɗaki, ana jefa faskaren itace ta ƙananan tagogi dare da rana, har zafin ya haura digiri 1,200. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka gidan Hamada cike yake da ma'aikata da almajirai, masu kwaɓa laka, masu gina kofuna da faranti na yau da kullum da ake sayarwa da sauƙi, masu kwana gaban wuta. Wannan ma yana cikin hujjarsa ta ƙin hatimi: tukunyar da ƙasa da toka da wuta da hannun mutum goma suka taru a kanta, da wane ido mutum ɗaya zai ce tasa ce? In kuma tukunyar ba ta iya faɗin wanda ya yi ta ba, to ko ita ce ba ta kai ba, ko mai kallon ne ba ya gani.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta tsorata da yadda sana'o'in gargajiya suke ƙarewa. Ta yi dokar kare kayan al'adu a 1950, ta gyara ta a 1954 yadda za a riƙa naɗa mutum a matsayin mai riƙe da wata fasaha, a ba shi tallafi don ya koyar. Jaridu suka laƙaba wa irin waɗannan mutane suna, taskar ƙasa mai rai. A rukunin farko na 1955 magina huɗu ne: Hamada, da Tomimoto Kenkichi, da Ishiguro Munemaro, da Arakawa Toyozo. Shi Arakawa labarinsa daban ne. A 1930 yana tono a wani tsohon kangon matoya a tsaunukan Mino ya tsinci tsingaro mai zanen tohon gora, wanda ya tabbatar da cewa a nan aka yi farin kwanon Shino na ƙarni na 16, ba a Seto ba kamar yadda kowa ya ɗauka. Ya gina bukka a wurin, ya shafe shekaru yana ɓata itace har ya dawo da farin nan mai ƙananan huji da jan baki. Shekara guda bayan su aka naɗa Kaneshige Toyo na Bizen, inda ba a sa ruwan sheƙi sam. A can ana naɗe tukunya da karan shinkafa ya bar mata jan layi, toka ta sauka a kafaɗarta ta narke, wuta ta yi kwana goma ko fiye. Wanda ya taɓa zaɓen randa a kasuwa don baƙin tabon da wuta ta bar mata a ciki ya riga ya san rabin karatun Bizen.

Ba kowa ya karɓi rawanin ba. Kawai ya ƙi, ya ci gaba da aikinsa a Kyoto har ya rasu a 1966. Kitaoji Rosanjin, mai gidan abinci, mai baƙar magana, wanda ya ɗauki kwano tufar abinci, ya kuma raina 'yan mingei, shi ma ya ƙi. Wasu matasan Kyoto kuwa, su Yagi Kazuo, tun 1948 suka kafa ƙungiyar Sodeisha, suka toshe bakin tukunya gaba ɗaya, suka koma gina siffofin da ba a zuba komai a ciki. Sai kuma abin kunyar da ya girgiza masana. A 1959 gwamnati ta sa wani tulu cikin muhimman kayan tarihi, don an rubuta a jikinsa shekarar da ta yi daidai da 1294. Aka fara gunaguni, a 1960 fitaccen magini Kato Tokuro ya fito ya ce shi ya gina shi a 1937. Aka gwada, aka soke matsayin tulun a 1961, jami'in da ya tsaya masa, Koyama Fujio, ya ajiye aiki. Kato kuwa kasuwarsa sai ta ƙara buɗewa, tunda ya nuna hannunsa yana iya ruɗin masana.

Wannan ya kawo mu ga akwati. A Japan kwano mai daraja ba ya tafiya tsirara. Ana ƙera masa akwatin farin katako mara nauyi daidai jikinsa, a ɗaure da saƙaƙƙiyar igiya, magini ya rubuta sunan kayan da nasa a murfi, ya buga jan hatimi. Hamada ya ƙi sa hannu a laka, amma ya sa a murfi, yana cewa wannan kam al'adar mutane ce, ba yadda zai yi. To ga inda aka kwana: yau a wurin gwanjo, kwanonsa mai akwati da wanda akwatinsa ya ɓata ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da tanderu ɗaya suka fito. Dillali yana karanta murfi kafin ya ɗaga kwano. Kofin da aka gina don a sha shayi da shi kullum ya koma bayan gilashi, mai shi yana tsoron ya wanke. Na jabu kuma suka cika kasuwa, tunda ba hatimin da za a kwaikwaya sai salo. An ce shi abin dariya ma yake ba shi, yana cewa nan gaba kyawawan na jabu za su zama nasa, munanan nasa kuma a ce na jabu ne.

Labarin nan yana da reshe da ya iso har ƙasarmu. A 1923, Hamada yana gab da barin St Ives, wani saurayi da ya fito daga jami'ar Oxford ya zo neman almajirci wurin Leach. Sunansa Michael Cardew. Shi ne ya yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar Gana ta yau, sa'an nan gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in tukwane a Nijeriya a 1950. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya zaɓi Abuja ta da, wato Suleja, ya buɗe makarantar gini a 1952. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya, da zanen kadangare da kunama da kifi a jikinsu. Ladi Kwali ke nan, wadda ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko a ciki, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Ta ci gaba da gina tulunta da hannu yadda ta gada, amma yanzu ana tsoma shi a ruwan sheƙi a gasa a wuta mai tsanani, irin hanyar da Leach da Hamada suka kai Ingila. Tulun ya yi ƙyalli, ya je Landan, ya yi kuɗi, ya sami harufan sunanta a jiki. Ya kuma yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuma tunda ba ya tsatsafa, ya daina sanyaya ruwa.

Hamada ya yi yawon duniya. A 1952 shi da Yanagi da Leach suka halarci taron masu sana'a a Dartington ta Ingila, suka zarce Amurka, yana zama gaban ɗalibai yana gini ba tare da ya ce uffan ba, wani yana juya masa faifai da ƙafa in ba a sami irin nasa ba. Ya gaji Yanagi a shugabancin gidan Komaba, ya karɓi lambar al'adu mafi girma ta ƙasar a 1968, ya mayar da wani sashe na gidansa wurin nuna kayan da ya tara daga ƙasashe a 1977, ya rasu a Janairun 1978. Almajirinsa Shimaoka Tatsuzo, wanda ya zo masa a 1946 bayan ya dawo daga zaman fursunan yaƙi a Burma, ya gina nasa gida a maƙwabtaka. Uban Shimaoka mai tufkar igiyar ado ne, sai ɗan ya riƙa birgima igiya a jikin ɗanyar laka, ya cike sawun da farar ƙasa, ya kankare. An naɗa shi taskar ƙasa mai rai a 1996. Shi kam yana buga hatimi.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta farfasa tanderun Mashiko, har da babban na Hamada, kayan da ya tara da yawa suka zube suka fashe. Magina daga St Ives, waɗanda mutanen Mashiko suka taimaka wa da kuɗi lokacin gyaran tsohon wurin Leach, suka rama alheri. Aka gyara tanderun, a 2015 maginan gari suka taru suka cika ɗakunansa da kayansu, aka kunna masa wuta bayan kusan shekara 40 yana sanyi. Garin da Hamada ya tarar yana gina randuna yau yana da ɗaruruwan magina, da kasuwar tukwane sau biyu a shekara tun 1966.

Tukunyar Mashiko da ta fi kowace shiga hannun mutane kuwa ba ta wani gwani ba ce. Tun 1958, a tashar jirgin ƙasa ta Yokokawa, gidan abincin Oginoya yake sayar wa matafiya shinkafa da kaza da ƙwan salwa da tohon gora a cikin 'yar tukunyar yumɓu mai murfi, launin ƙasa, da ake yi a Mashiko da inji. Sunan tashar da na mai abincin ne a jikinta. Matafiyi ya ci a kan cinyarsa jirgi yana tafiya, in ya ga dama ya bar ta, in ya ga dama ya sa a jaka ya kai gida, a dafa shinkafar mutum ɗaya a ciki, ko a huda gindin a shuka fure.